Idan aka yi garkuwa da fayilolin ofis, shin na'urar NAS za ta cece su?

Tambayar da masu ɗakunan ɗaukar hoto, masu tace bidiyo, makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci ke yawan yi ita ce: tunda mun sayi na'urar NAS, wato ma'ajiyar fayilolin ofis da ake jonawa da netwok, mai faifai biyu, kuma kowane fayil ana rubuta shi sau biyu, ashe ba mun rabu da fargabar asarar bayanai ba ke nan? Amsar ita ce a'a, kuma dubban mutane sun gane hakan ne bayan aikin gama ya gama.

A watan Afrilun 2021 wata manhajar garkuwa da fayiloli mai suna Qlocker ta afka wa na'urorin kamfanin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, ta kulle fayilolin mutane da kalmar sirri, ta nemi kuɗin fansa. A Janairun 2022 DeadBolt ta biyo baya, ta kama dubban na'urori, tana neman bitkoyin 0.03 a kan kowace. Masu na'urorin kamfanin Synology ma sun ɗanɗana kuɗarsu tun 2014 a hannun SynoLocker. A irin wannan hari faya-fayan ajiya lafiya lau suke, RAID kuma, wato tsarin da ke rubuta fayil a faifai fiye da ɗaya, yana aikinsa yadda aka tsara shi: da an kulle fayil a faifai na farko, nan take ya kwafe kullallen zuwa na biyu.

Abubuwa uku ake cakuɗawa, RAID da sinafshot (adana yanayin folda na wani lokaci domin a iya komawa gare shi) da kwafin ko-ta-kwana, alhali kowanne da masifar da yake tarewa. Za mu bi su a kan na'urorin Synology masu manhajar DSM 7. A QNAP da TrueNAS sunayen maɓallai ne suka bambanta, tunanin ɗaya ne.

Me RAID ke yi, kuma ina ya tsaya?

NAS ƙaramar kwamfuta ce mai ramukan faya-fayai, da ake jona ta da rautar ofis domin kowa ya ajiye aikinsa a wuri guda. RAID shi ne tsarin da ke haɗa faya-fayan yadda mutuwar ɗaya ba za ta tsayar da aiki ba. Faifai biyu masu TB 4 a RAID 1 suna ba da wurin TB 4 kacal, wanda DSM zai nuna kusan 3.6. Guda huɗu a RAID 5 suna ba da TB 12 kuma suna jure mutuwar ɗaya. A RAID 6 ko SHR-2, takwaransa na Synology, wurin ya koma TB 8, amma ko biyu sun mutu ba a rasa komai ba.

Iyakarsa ke nan. Wanda ya goge folda bisa kuskure, ya goge ta a dukkan faya-fayan. Wanda ya rubuta sabon lissafi a kan tsohon, haka. RAID kamar rumbu biyu ne a cikin gida ɗaya: idan gara ta ci ɗaya akwai na biyu, idan gobara ce ta tashi duka suka tafi.

Wajen sayen faifai a nemi nau'in CMR, irin su WD Red Plus ko Seagate IronWolf. Nau'in SMR yana ja da baya ƙwarai idan aka daɗe ana rubutu a kansa, kuma lokacin da aka sauya faifan da ya mutu ana sake gina RAID, rubutun sa'o'i da yawa ake yi ba tsayawa.

Zaɓin da ba a gyara shi daga baya

Lokacin ƙirƙirar bolum, wato filin ajiyar da ake yankawa daga faya-fayan, a Storage Manager, na'urar za ta tambayi tsarin jera fayiloli da ake so: Btrfs ko ext4? A zaɓi Btrfs. Sinafshot na foldojin haɗaka ba ya aiki a kan ext4, kuma babu hanyar juya wannan zuwa wancan sai an kwashe komai, an rushe bolum ɗin, an sake gini. Wasu ƙananan samfura masu araha ba sa ɗaukar Btrfs sam, don haka a duba takardar bayanin samfurin kafin a biya kuɗi.

Tsara foldojin haɗaka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a buɗe folda ɗaya tak, a sa mata suna Ofis, kowa ya zuba nasa a ciki. Ana ganin sauƙi ne, amma izini, jadawalin sinafshot, iyakar wuri da kwafin ko-ta-kwana duk a kan foldar haɗaka ake saita su. Mai folda ɗaya ba shi da yadda zai ba takardun albashi kariyar da ta fi ta hotunan bikin yaye ɗalibai.

Tambayoyi biyu ke raba foldoji: su wa ya kamata su shiga, kuma sau nawa abin ciki ke canzawa? Makaranta, alal misali, za ta iya samun Kudi don ofishin akawu, Jarrabawa don jami'in jarrabawa da shugaban makaranta, Malamai don darussa, da Kowa don musayar fayiloli. Sunayen su zama gajeru, ba tazara, ba haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, domin tsofaffin na'urorin sikanin takardu sukan kasa gane su. Bidiyon kyamarar tsaro kuwa a ware masa foldarsa dabam, kada a kunna mata sinafshot. Kullum tsohon bidiyo ake gogewa ana rubuta sabo, sinafshot kuma zai riƙe wanda aka goge har faifai ya cika.

Ana ƙirƙirar folda a Control Panel, sashen Shared Folder, maɓallin Create. A kunna Recycle Bin, a taƙaita shigarsa ga masu kula da na'ura kaɗai, sannan a sa masa jadawalin zubarwa a Task Scheduler, misali duk abin da ya wuce kwana 30. A kunna ɓoye ƙananan foldoji ga wanda ba shi da izini, domin abin da mutum bai gani ba ba ya ƙoƙarin buɗe shi.

Akwai wani akwati da ake yawan tsallakewa, na data checksum. Shi ke sa na'urar ta riƙa lissafa shaidar kowane gutsuren bayani, ta gane idan ya lalace a ɓoye, ta gyara shi daga ɗaya faifan. A lokacin ƙirƙirar folda kaɗai ake iya kunna shi. Wanda ya manta sai ya buɗe sabuwar folda ya kwashe kaya. A kunna shi ga takardu da hotuna, a bar shi a kashe ga bidiyon kyamara da manyan ma'adanan bayanai masu yawan rubutu.

Rufe folda da mabuɗin sirri yana da amfani idan ana tsoron a sace na'urar a karanta abin ciki. Amma da sharuɗɗa: sunan fayil ba zai wuce haruffa 143 ba, kuma idan kalmar sirri da fayil ɗin mabuɗi suka ɓace, babu mai iya buɗe ta, har kamfanin da ya ƙera na'urar.

Izini: nan yawancin ɓarna ke farawa

Ba sai an kutsa cikin NAS ake lalata abin da ke cikinta ba. Hanyar da ta fi yawa ita ce kwamfutar wani ma'aikaci ta kamu, ta hanyar saƙon imel ko manhajar sata da ya sauke, sannan muguwar manhajar ta bi duk foldar da wannan ma'aikacin ke da ikon rubutu a ciki ta kulle. Girman asarar daidai yake da girman izinin da aka ba shi. Shi ya sa raba kalmar sirri ɗaya ga ofis gaba ɗaya babban ganganci ne.

Kowa ya samu nasa akawun, wato sunan shiga da kalmar sirri. A ƙirƙiri rukunoni a User & Group, a ba rukuni izini maimakon mutum ɗaiɗai, yadda idan wani ya bar aiki cire shi kawai za a yi. Matakan uku ne: No access, Read/Write da Read only. Idan mutum yana cikin rukunoni biyu da suka saɓa, hani ne ke rinjaye, sai rubutu, sai karatu. Wannan ne ke sa a ga an ba akawu izinin foldar Kudi amma ta ƙi buɗuwa: an sa wa rukunin users, wanda kowa ke ciki, No access a kanta. Maganin shi ne a bar akwatunan wannan rukunin babu alama, domin wanda ba a ba izini ba dama ba ya shiga.

Akawun mai kula da na'ura kada a taɓa amfani da shi wajen buɗe folda a kwamfutar aiki. A ƙirƙiri sabo da wani suna, a kashe tsohon admin da guest, a kunna tantancewa mai mataki biyu.

A File Services a bar mafi ƙarancin SMB, wato hanyar da kwamfutoci ke bi su buɗe foldojin na'urar, a kan SMB2. Ta kafar SMB1 ce manhajar garkuwa ta WannaCry ta bazu a duniya a watan Mayun 2017, kuma DSM 7 yana zuwa da shi a kashe. A ba na'urar adireshin IP tsayayye a rauta, sannan a Windows a haɗa folda da adireshi irin \\192.168.1.20\Kudi. Idan Windows ta ƙi karɓar sabon akawun, galibi tana riƙe da tsohon ne, domin ba ta yarda a shiga na'ura ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda. A goge tsohon a Credential Manager, a fita a sake shiga.

Yadda sinafshot ke aiki

Sinafshot ba kwafi ba ne. Btrfs ba ya rubutu a kan tsohon bayani. Idan aka gyara fayil, sabon wuri yake nema ya rubuta gyaran, sannan ya saki tsohon wurin. Ɗaukar sinafshot umarni ne kawai cewa duk gutsuren da folda ke amfani da shi a wannan daƙiƙar kada a sake shi. Don haka folda mai GB 500 ana ɗaukar ta cikin daƙiƙoƙi, kuma da farko kusan ba ta cin ƙarin wuri. Wurin da ake ci shi ne na abin da aka canza ko aka goge daga baya. Idan ana canza GB 5 a kullum kuma ana riƙe na kwana 30, a ware kimanin GB 150.

Wannan ne ya sa mutum zai goge fayilolin GB 100 ya ga wuri bai ƙaru ba. Sinafshot na riƙe da su, sai ranar da aka cire na ƙarshe da ya san da su. Shi ne kuma dalilin da ya sa manhajar garkuwa da ta shigo ta kwamfutar ma'aikaci ba ta iya taɓa shi: ta hanyar folda karanta shi kawai ake iya yi.

Ana sauke Snapshot Replication daga Package Center, a shiga Snapshots, a zaɓi folda, a danna Settings. A nan ake sa jadawali, kuma na'urar na iya ɗauka har duk minti 5. A sashen Advanced a kunna Make snapshot visible, sai wata folda mai suna #snapshot ta bayyana, ma'aikaci ya iya kwaso fayil ɗin jiya da kansa. A Windows ma ana iya danna dama a kan fayil a duba Previous Versions.

Tsawon riƙewa ya fi yawan ɗauka muhimmanci

Nan ne ko waɗanda suka kunna sinafshot ke faɗawa rami. A ce an saita ɗauka duk awa, a riƙe 24 na ƙarshe. Harin ya faru ranar Juma'a da yamma, ba wanda ya dawo ofis sai Litinin. Na'urar ta ci gaba da ɗaukar kullallun fayiloli duk awa tana zubar da tsofaffi, kafin daren Asabar babu mai lafiya ko ɗaya. A hutun Sallah ko dogon hutun makaranta abin ya fi haka muni.

Saboda haka a yi amfani da tsarin riƙewa mai hawa-hawa. Ga foldar kuɗi da takardu: ɗauka duk awa a lokutan aiki, a riƙe duka na kwana 2, ɗaya a kowace rana na kwana 30, ɗaya a kowane mako na mako 12, ɗaya a kowane wata na wata 12. Jimillar ba ta kai ko kusa da iyakar 1,024 da manyan samfura ke bai wa kowace folda ba, ko 256 na ƙanana. Ga foldar bidiyon da ake tacewa, sau ɗaya a dare ya isa, a riƙe na mako ɗaya zuwa biyu, domin fayilolin manya ne.

A bar wuri a faifai. Idan aka kulle GB 500 gaba ɗaya, sabon GB 500 ake rubutawa alhali tsohon na nan riƙe. Kada bolum ya wuce kashi 80 cikin 100 a cike. Kada kuma a yi wa bolum mai sinafshot defragmentation, wato sake jera gutsattsarin fayiloli, haka kawai, domin yana sake rubuta gutsattsarin da ake rabawa, wurin da aka ci ya ƙaru.

Manhajojin lissafin kuɗi da ke barin fayil a buɗe duk yini suna buƙatar kula. Sinafshot da aka ɗauka suna tsakiyar rubutu yana iya fitowa da fayil rabi da rabi. A tabbata akwai ɗauka ɗaya da dare bayan kowa ya rufe.

Abin da sinafshot ba zai tare ba

Sinafshot yana zaune a faya-fayan da ainihin fayilolin suke. Sata, gobara, ambaliya, wuta mai ƙarfi da ta ƙona na'ura, ko mutuwar faifai biyu a RAID 5, duk tare suke tafiya da shi. Wanda kuma ya samu kalmar sirrin mai kula da na'ura zai iya goge shi kafin ya kulle komai.

Don tare wannan haɗari na ƙarshe, DSM 7.2, da ya fito a 2023, ya zo da sinafshot marar gogewa, wanda ko mai kula da na'ura ba ya iya cire shi sai wa'adinsa ya cika. Synology na ba da shawarar wa'adin kwana 7 zuwa 14. Ba kowane samfuri ke da shi ba, kuma yana da nasa haɗarin: idan faifai ya cika, ba ka da ikon goge su don samun wuri. Duk da haka, ga foldar kuɗi da bayanan marasa lafiya ko ɗalibai, kunna shi ya fi barinsa.

Sauran maganin shi ne rufe ƙofa. A kashe UPnP, wanda ke buɗe kafofi da kansa, a rauta, kada a buɗe kafofin 5000, 5001 ko 445 ga intanet, a kunna Auto Block, a riƙa sabunta DSM. Mai buƙatar shiga daga gida ya bi ta keɓantacciyar hanya mai tsaro, wato VPN ko Tailscale.

Kwafin ko-ta-kwana: faifan USB, NAS ta biyu, ko intanet?

Ƙa'idar da masana suka daɗe a kai ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ta isa ta nuna cewa wani wurin ba ɗakin da ke maƙwabtaka ba ne, wani lokaci ma ba unguwa ɗaya ba.

Faifan USB ta hanyar Hyper Backup, manhajar Synology ta kwafin ko-ta-kwana, shi ne mafi araha. A sayi biyu, ɗaya a jone, ɗaya a gidan wani amintacce, a riƙa musanya su duk mako. Rauninsa mutum ne: ranar da aka fara mantawa, shi ke nan. NAS ta biyu a wani reshe ta fi inganci, domin Snapshot Replication yana tura abin da ya canza kaɗai, amma dole duka biyun su kasance a Btrfs, kuma kalmomin sirrinsu su bambanta. Ma'ajiyar intanet irin Synology C2 ko Backblaze B2 ba ta mantuwa, ba ta gobara tare da ofis, sai dai da kuɗin waje ake biya, ga data. GB 500 a layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki kimanin sa'o'i 111, sama da kwana huɗu da rabi, idan layin bai yanke ba.

Ga ƙaramin ofis a nan, hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba: takardu da lissafi, waɗanda ba su da nauyi kuma ba a iya sake samar da su, su tafi intanet kowane dare, bidiyo da hotuna masu nauyi su tafi faifan USB. A kunna rufewa da mabuɗi a Hyper Backup, a ajiye mabuɗin a wajen na'urar. A fitar da kwafin saitunan DSM daga Update & Restore, domin a nan akawun da izini suke. Cloud Sync kuwa daidaita fayiloli yake yi, don haka gogewa da kullewa ma yana iya kai su can.

Ga asibiti ko makaranta akwai kuma doka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, da sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan.

Wuta da zafi

Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana lalata fayiloli, kuma juyawa daga NEPA zuwa janareta sau da yawa a yini yana gajarta rayuwar faifai. A sa UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, mai kafar USB, a jona shi da na'urar, a saita a Hardware & Power cewa bayan minti 5 ba wuta ta dakatar da rubutu ta kwanta. Inbata kaɗai ba ta wadatar ba, domin ba ta sanar da na'urar cewa batir ya kusa ƙarewa. Yawancin ƙananan samfura an ƙayyade musu zafin ɗaki kada ya wuce digiri 40, abin da Kano, Sakkwato da Damagaram ke wucewa a bazara. Kada a kulle ta a kabad, a riƙa share ƙurar hunturu daga fanka, a kunna sanarwar imel, a sa jadawalin Data Scrubbing, wato binciken lafiyar bayanan da ke faifai, duk wata uku.

Ranar da abin ya faru

A fara da cire kwamfutar da ta kamu daga netwok. A shiga Snapshot Replication a dakatar da jadawali, a nemo sinafshot na ƙarshe kafin harin, a sa masa Lock don tsarin riƙewa kada ya zubar da shi. A dakatar da Hyper Backup shi ma, kada kullallun fayiloli su tura masu lafiya waje. A sashen Recovery a zaɓi Clone with a new name maimakon mayarwa kai tsaye, a buɗe fayiloli a tabbatar suna karantuwa, sannan a mayar. A canza duk kalmomin sirri, a wanke kwamfutar da ta kamu kafin ta koma netwok.

Waɗannan matakan a gwada su tun ana zaman lafiya, sau ɗaya a wata: a dawo da fayil ɗaya daga #snapshot, ɗaya daga faifan USB, ɗaya daga intanet, a rubuta tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka. Dawo da folda daga sinafshot aikin daƙiƙoƙi ne ko mintuna kaɗan. GB 500 daga faifan USB mai gudun MB 100 a daƙiƙa kusan awa ɗaya da rabi ne. Daga intanet kuwa kwanaki ne, kuma sai mabuɗin Hyper Backup yana hannu.